Wa Ya Ci Rabon Tsoho?



Ka taɓa bin hanyar Jiratawa zuwa Maradi da sassafe? In ka taɓa, ka ga amalanke da babura suna wucewa da buhunan zogale, da kwandunan tumatir, da albasa, da tattasai, da kabeji. Tun farkon shekarun 1980, sa'ad da aka gyara fadamar Jiratawa, aka haƙa rijiyoyi, aka sa injunan jawo ruwa a fili mai faɗin hekta wajen 500, garin ya zama lambun birni. Rani da damina kayan miya ba su yankewa. Mutanen Maradi suna ci, na Tibiri suna ci, har waɗansu garuruwa masu nisa suna samu. Wannan alherin Allah ne, ya kamata a gode masa.

To, bari mu bar hanya mu shiga wani gida. Ban ambaci gidan kowa ba, misali ne, amma watakila za ka gane shi. Maigida ya tafi kasuwa da kaya tun da asuba. A ƙarƙashin rumfa ga tsohonsa zaune bisa tabarma. Shi ne ya fara noman wannan lambu, da hannunsa ya ja ƙasa ya yi fangali. Yau in zai tashi sai ya dafa bango, ya yunƙura sau biyu ko uku. Buta ma tana yi masa nauyi. Da safe an ba shi kunu, da rana fura, da dare ɗan tuwo da tsinkakkiyar miya. Jiya haka, shekaranjiya haka. In ka tambayi ɗan, “Me ke damun Baba?” sai ya ce, “Ba kome, tsufa ne.”

Ga tambayar da nake so mu yi tunani a kai: duk wannan rauni tsufa ne ya kawo shi, ko kuwa da hannunmu a ciki? In da hannunmu, me za mu ce wa Allah?

ABIN DA KE FARUWA A JIKIN TSOHO

Ƙarfin mutum yana cikin tsokar jikinsa. Likitoci sun auna, sun tarar mutum in ya wuce shekara 30 tsokarsa tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, in ya wuce 60 kuwa raguwar takan ƙara sauri. Ba a jin zafinta, shi ya sa ba a lura. Sai wata rana mutum ya ga buhun da yake ɗagawa shi kaɗai ya fi ƙarfinsa.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. A 2015 aka bayyana wani bincike da aka yi a kan mutum wajen 140,000 a ƙasashe 17. An ba kowa wani ƙarfe ya matse da hannu, aka rubuta ƙarfin damƙarsa, aka bi su shekaru. Aka ga duk inda ƙarfin damƙa ya ragu da kilo 5, haɗarin mutuwa ya ƙaru da kashi 16 cikin 100. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Tsoho mai raunin ƙafa yakan faɗi. In ya faɗi ya karye, sai kwanciya. Kwanciya kuwa cin tsoka take yi: a 2007 a Amurka aka kwantar da waɗansu tsofaffi lafiyayyu kwana 10, aka tarar ƙafafunsu sun rasa kusan kilo 1 na nama. Daga nan sai abu ya bi abu, har mutum ya kāsa zuwa bayan gida da kansa.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A sura ta 12 ta Littafin Mai Hadishi an kwatanta jikin tsoho da gidan da ya fara lalacewa, hannuwa suna rawa, ƙafafu sun tanƙware, haƙora sun ragu, idanu sun dushe. Tsufa gaskiya ne, ba mai musu. Amma gida biyu da aka gina shekara ɗaya, ɗaya ana yi masa yaɓe kowace shekara, ɗaya an bar shi, ai ba rana ɗaya za su faɗi ba.

ABIN DA ALLAH YA AJIYE A LAMBU

Littafin Farawa ya nuna mana cewa wurin da Allah ya fara ajiye mutum lambu ne, abincin da ya fara ba shi kuma tsire-tsire ne da 'ya'yan itatuwa. Wanda ya yi jiki ya san abin da jiki yake bukata.

Gero da dawa suna ba da ƙarfin aiki na yini, suna kuma cika ciki. Amma akwai abubuwan da ba su da su. Ɗaya shi ne bitamin C, wanda jiki yake bukata domin ya riƙa gyara fata da jijiya da dasashi, miki kuma ya warke. Jikin mutum ba ya iya yinsa da kansa, sai an ci. Yana cikin gwaiba, da lemu, da mangwaro, da gwanda, da tumatir, da tattasai, da garin 'ya'yan kuka. Ganyaye kamar zogale da alayyafo da rama suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, in kuma an matsa musu lemun tsami jiki ya fi shan wannan sinadari. Waɗansu ganyaye, kamar alayyafo da salati, suna da wani sinadari mai taimakon hanyoyin jini su buɗe, jini ya isa ga tsoka. A 2021 masana a Ostareliya suka ba da labarin mutum fiye da 3,700 da suka bi har shekara 12. Waɗanda suka fi cin irin waɗannan ganyaye, wajen kofi ɗaya a rana, ƙafafunsu sun fi na waɗanda suka fi ƙarancin ci ƙarfi da kashi 11 cikin 100.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana, wato kamar cikin hannu biyar. Ba a lissafa rogo da dankali a ciki.

Sai dai in gaya maka gaskiya duka. Ganye shi kaɗai ba ya gina tsoka. Dole a haɗa da abinci mai gina jiki, wato wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi ko nama, a kuma haɗa da motsa jiki. Iyayenmu mata sun riga likitoci sanin wannan: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da ɗan tumatir da albasa, ai ganye ne da mai gina jiki a kwano ɗaya.

“AI ƘADDARA CE”

Watakila za ka ce, “Kwanan kowa a hannun Allah yake. Ko Baba ya ci zogale ko bai ci ba, ranarsa ba za ta wuce ba.” I, rai da mutuwa a hannun Allah suke, mu ma haka muka gaskata. Amma bari in tambaye ka. Amfanin lambunka ma ba a hannun Allah yake ba? Me ya sa kake tashi da dare in layin ruwa ya zo kanka? Me ya sa kake zuba taki, kake cire ciyawa? Ban taɓa ganin mai lambun da ya bar tumatir ɗinsa da ƙishi ya ce ƙaddara ce ba. Ka sani Allah yakan ba da albarka ta hanyar ruwa da taki da hannun manomi. Haka yakan riƙe tsoho ta hanyar kwanon da ɗansa ya miƙa masa.

Mutum in yana son abu sai ya yi ƙoƙari, in ba ya so ya wahala sai ya tuna da ƙaddara. Ka bincika zuciyarka, ka ga ko wannan kalma ta zama maka mafaka.

“AI TALAUCI NE”

Wannan magana ta fi ta fari nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Mai lambu yana da kuɗin ruwa a kansa, da na taki, da na maganin ƙwari. Ga yara a makaranta, ga hatsi da za a auna in rumbu ya ƙare. Wanda ya sayar da mafi kyau ya ci saura, sau da yawa dole ce ta sa shi.

Amma mu yi lissafi da gaskiya. Cikin hannu biyu na zogale daga buhu guda, nawa za su rage maka a kasuwa? Tumatir uku daga kwando fa? Gwaibar da ta nuna ƙwarai har ba ta kai kasuwa, ita ce ta fi dacewa da bakin da ba haƙora. Da damina kuma ga tafasa, ga lalo, ga gasaya, ga yaɗiya, ba wanda ya shuka, ba wanda zai ce ka biya. A gidaje da yawa abin da ya hana tsoho cin ganye shi ne ba wanda ya tuna da shi. Yaro in yana jin yunwa yakan yi kuka, a ji shi. Tsoho kuwa kunya takan hana shi roƙon ɗan da ya haifa. Sai ya ce, “Na ƙoshi, ɗana, ba yara.” Mu kuma mu yi murna da jin haka, domin ya sauƙaƙa mana.

A Markus sura 7, Yesu Almasihu ya tsauta wa malaman zamaninsa saboda wata dabara. Mutum yakan ce dukiyarsa “korban” ce, wato keɓaɓɓiya ga Allah, da haka sai ya kuɓuta daga taimakon iyayensa. Yesu ya nuna musu cewa da wannan al'ada sun rushe umarnin Allah na girmama uba da uwa. Mu ma muna da irin namu korban. Na wani kuɗin biki ne, na wani sabuwar waya, na wani ƙarin aure. Kai kuma ɗan'uwa mai bi, kada ka ce wannan ba da kai ake ba. In ka kai baiko majami'a ran Lahadi, mahaifiyarka kuwa tana gida ta yi mako ba ta ga kayan lambu a kwanonta ba, kana tsammani Allah ya ji daɗin baikonka? Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti cewa mai bin da ya ƙi kula da mutanen gidansa ya ƙaryata bangaskiyarsa da aikinsa.

Girmama iyaye ya wuce durƙusawa da gaisuwar safe. Gaisuwa ba ta shiga ciki.

“AI GANYE ABINCIN YUNWA NE”

Akwai wani dalili kuma, wanda yake zuciyar tsofaffin kansu. Waɗanda suka ga yunwar 1984, da ta 2005, suna tuna kwanakin da ba abin ci sai ganyen daji. Saboda haka waɗansu suna ganin ganye alamar tsiya ce, ko kuwa abincin mata. In ɗa yana so ya nuna ya samu, sai ya kawo lemun kwalba da biskit.

Ka tuna da Daniyel. An kai shi bauta Babila yana saurayi, aka ba shi rabo daga abincin Sarki Nebukadnezzar. Domin kada ya ƙazantu a gaban Allah, ya roƙa a gwada shi da abokansa uku kwana 10 da kayan lambu da ruwa. Da kwanakin suka cika, aka ga sun fi masu cin abincin fāda kyan jiki. Allah ne ya sa wa biyayyarsu albarka, labarin kuma bai hana kowa cin nama ba. Amma ka lura, abincin da mutane suke renawa, Allah bai rena shi ba. Ganyen da ya riƙe ran mutane a shekarar yunwa ya cancanci godiya.

ABIN DA ZA KA IYA YI TUN YAU

1. Kafin ka ɗaure buhu, ka cire rabon tsoho. A fara da shi, kada a jira saura.
2. A dafa ganye ya yi laushi saboda haƙora, amma kada ya daɗe bisa wuta, kada kuma a cika kanwa, gama dogon dahuwa da kanwa suna kashe bitamin.
3. Abin da za a ci ɗanye a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.
4. A haɗa masa da wake, ko ƙuli-ƙuli dakakke, ko nono, ko ƙwai.
5. Lokacin da ganye ya yi yawa a shanya shi a inuwa, a ajiye domin bazara.
6. A zauna a ci tare da shi. Mai ci shi kaɗai ba ya ci da yawa.
7. In yana da ciwon sukari ko na ƙoda, a tambayi likita abin da ya dace da shi.

MAGANA GA TSOHO

Baba, Inna, in an karanta muku wannan takarda, ku ma da taku. Jikin nan amana ce daga Allah, ba a kuwa sallame ku daga riƙon ta ba tukuna. Kada ku ce, “Mu namu ya ƙare.” Kalibu yana da shekara 85 sa'ad da ya zo wurin Joshuwa ya roƙi ƙasar tuddai ta Hebron, yana shaida cewa Allah ya kiyaye ƙarfinsa.

A 1990, a wani gidan tsofaffi a Amurka, aka sa mutum 10 masu shekara wajen 90 suna ɗaga nauyi da ƙafa har mako 8. Ƙarfin ƙafafun waɗanda suka gama ya ninka fiye da sau biyu. Ashe tsoka tana amsa kira ko a shekara 90.

Mutanen ƙasar Maradi sun san irin wannan a gonakinsu. A 1983 wani ma'aikacin mishan, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsirgunan da ake sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙasa. Manoma suka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi suna gyara su, abin da ake kira sassaben zamani. Da haka itatuwa miliyoyi suka komo gonakin Nijar. Abin da aka ɗauka ya mutu, kulawa kawai yake jira. Saboda haka ku tashi ku taka, ku je lambu ko da ba za ku yi noma ba, ku tsinke zogale, ku ɗauki jika. Abin da aka kawo muku kuma ku ci, kada kunya ta sa ku mayar. Gida yana bukatarku, gama da tsohuwar zuma ake magani.

LAMBU YANA DA IYAKA

Yanzu, ya mai karatu, ga magana mafi girma. Ko ka ci cikin hannu biyar kowace rana, ko 'ya'yanka sun fi na kowa kirki, jinkiri kawai ka samu. Barzillai attajiri ne, shi ya ciyar da Sarki Dawuda da mutanensa sa'ad da suke gudun Absalom. Amma da sarki ya gayyace shi fāda, sai ya ƙi, domin ya kai shekara 80, bakinsa ba ya rarrabe ɗanɗanon abinci. Musa kuwa ya kai shekara 120 da ganinsa da ƙarfinsa, duk da haka ya mutu. Mai rauni ya tafi, mai ƙarfi ya tafi.

Ayuba ya dubi kututture kamar yadda manoman Maradi suka duba. A sura ta 14 ya ga itacen da aka sare yana da bege, gama in ya ji ruwa zai tohu. Sai ya yi tambayar da kowane ɗan adam yake yi a ɓoye, ko mutumin da ya mutu zai sāke rayuwa.

Akwai kuma abin da ya fi mutuwa ban tsoro, wato tsayawa a gaban Allah da laifi. Da kake karanta wannan takarda, watakila ka tuna da wani kwano da ba ka miƙa ba, wanda ya kamata ka miƙa wa kuwa yana kabari. Ba ka iya komawa ka gyara. Ba wani a cikinmu da ya cika umarnin Allah, ko wannan guda na girmama iyaye. Zunubi ya raunana zuciyarmu fiye da yadda tsufa yake raunana ƙafa, ba kuwa ganyen da yake maganinsa.

Ga bishara. Bulus ya rubuta wa Romawa cewa Almasihu ya mutu dominmu tun muna marasa ƙarfi. Bai jira mu gyaru ba. Shi kaɗai ya cika shari'ar Allah sarai. Yana kan gicciye ma, cikin azaba, ya dubi mahaifiyarsa ya danƙa ta a hannun almajirinsa Yahaya domin ya riƙe ta. Ya ɗauki hukuncin zunubinmu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Tashinsa shi ne amsar tambayar Ayuba. Duk wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi, an gafarta masa, yana kuma da alkawarin tashi da sabon jiki wanda ba ya tsufa. Irin wannan mutum, ko jikinsa yana lalacewa, Allah yana sabunta ruhunsa kowace rana. Wanda aka gafarta wa kuma, shi ne yake samun sabuwar zuciya mai tunawa da tsoho ba don gudun zargin mutane ba, sai don ƙauna.

In kana so ka zo wurinsa, kana iya yin addu'a kamar haka:

“Ya Allah, kai ka ba ni jiki, ka ba ni iyaye, ka ba ni abinci. Na yi sakaci da amanarka, na yi maka zunubi. Na gaskata Yesu Almasihu ya mutu domina, ya kuma tashi. Ka gafarta mini saboda shi. Ka ba ni sabuwar zuciya, ka riƙe ni har tsufana, ka karɓe ni a ƙarshe. Amin.”

In ka yi wannan addu'a da zuciya ɗaya, ka nemi masu bin Almasihu na kusa da kai, su karanta maka Littafi Mai Tsarki. Gobe da asuba kuma, kafin amalanke ya tashi, ka cire rabon Baba.

In ka gama karantawa, ka ba wani.